Sakan Arba'in da Ɗaya a Kwalbatin Marke

Duk ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai Inna Hussaina ta malmala tuwon dawa a babban kwano, ta zuba miyar kuka da man shanu, ta ce wa 'yarta Mardiyya ta miƙa zaure, Baba Maccido ya iso. Shekara uku cur ana haka a wannan gida na Kaura Namoda, ba a tsallake Juma'a sai da azumi. Shi kuwa ya ci, ya suɗe hannu, ya ɗaga tafukansa ya yi wa marigayi Jamilu addu'a har muryarsa na rawa. Mardiyya na bayan labule tana cewa amin, wani lokaci har da hawaye. Allah sarki, da ta san wanda take ciyarwa!

Jamilu wanta ne, su biyu kaɗai Inna ta haifa suka rayu. Direban kanta ne, irin motocin nan masu buɗaɗɗen baya da ke jigilar hatsi, kuma Maccido ne ya koya masa tuƙi tun daga riƙon sitiyari. Dukansu motocin Hajiya Hindu suke ja, babbar 'yar kasuwar hatsi mai kanta shida. A shekarar da aka katse sabis ɗin waya a jihar nan saboda 'yan bindiga, waya ta koma abin haska ɗaki kawai. Direba in ya fita ya fita ke nan, ba mai jin ɗuriyarsa sai ya dawo. Shi ya sa Malam Tsoho, shugaban direbobin tasha, ya kafa doka cewa ba mai hawa hanyar Shinkafi shi kaɗai, sai biyu-biyu, na baya yana tsaron na gaba. Dama akwai tsohuwar ƙa'ida da direbobin nan suka gada tun ba a haifi Mardiyya ba: ba a wuce ɗan'uwa a hanya. Ko gaba kuke yi, ko kun shekara goma ba ku gaisa ba, in ka tarar motarsa ta lalace dole ka tsaya. Abokin tafiyar da aka haɗa Jamilu da shi kuwa Maccido ne.

Wata Laraba da hantsi motar Jamilu ta mutu a Kwalbatin Marke, wani wuri da ruwa ya cinye kwalta, inda kowace mota sai ta yi rarrafe. Yana ɗauke da buhunan gero, da mata huɗu a kansu, 'yan Kurya Madaro masu zuwa gaisuwar mutuwa Shinkafi. Nan 'yan bindiga suka tarar da su. An samu Jamilu kwance gefen taya da sifana a hannu, motar an cinna mata wuta, matan an kora su daji.

Da la'asar Maccido ya shigo gari ta hanyar Zurmi, ya faɗi ƙasa yana birgima. Ya ce shi masara ya kai Zurmi tun da safe, ya gaya wa Jamilu ya jira shi ya dawo su tafi tare, Jamilu ya ƙi. Da Malam Tsoho ya matsa masa da tambaya a wurin zaman makoki, sai ya nemi ruwa ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa tayarsa ba ta taka hanyar Shinkafi ba ranar. To wa zai ƙaryata mai rantsuwa? Daga ranar sunan Jamilu ya koma mai taurin kan nan da ya karya doka ya kai matan mutane mahallaka. Uku daga cikinsu ba su dawo ba har yau. Danginsu in sun ga Inna a wurin taro sai su janye tabarma. Inna ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, kasuwa ma sai dai aike. Ta huɗun, wata tsohuwa Zuhura, an sako ta bayan wata biyar, ƙafafu duk sun fashe, tana ta maimaita cewa wata shuɗiyar mota ta tsaya kusa da su sannan ta tafi. Aka ce wahala ta taɓa mata kai. Kuma ai rabin kantocin ƙasar nan shuɗaye ne.

Da Mardiyya ta gama karatun kwamfuta a kwalejin fasaha ta garin, Hajiya Hindu ta ɗauke ta aiki, rabi don tausayi rabi don buƙata. Tun kafin katse sabis Hajiya ta sa an liƙa wa kowace motarta wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, tiraka ake ce mata. Tana da layin waya a cikinta, tana aiko da labarin motar ta intanet. Aikin Mardiyya shi ne ta zauna a ɗakin da ke bayan sito ta sa wa taswira ido, a kwamfuta ko a wayar da Hajiya ta ba ta, tana kallon ɗigo-ɗigo suna tafiya. Wannan ya tsaya shan shayi, wancan yana zuba gudun da ya wuce ƙa'ida, tankin wancan yana raguwa alhali motar na tsaye. Sau biyu tana kiran direba ta ce ya tsaya ya duba ruwan lagireto tun shi kansa bai ankara injin ya yi zafi ba. Duk da haka direbobi suka raɗa wa na'urar suna 'yar tsegumi, ita kuma Mardiyya uwar 'yar tsegumi. Ko a jikinta.

Wata Talata Hajiya ta ce ta duba mata yawan tafiyar da motar Maccido ta yi tun da aka sa mata inji, don makanike ya ce ya isa a sauke shi. Mardiyya ta riƙa komawa baya wata-wata. Ta san in ta kai watannin katse sabis za ta tarar da fili fetal, don kowa a tasha ya san 'yar tsegumi ta makance a lokacin. Direbobi har dariya suke yi, suna cewa watannin nan ne kaɗai suka sha iska. Sai ga watannin a cike, rana bayan rana, kowace da zanenta.

Nan take ta buga kwanan watan Larabar nan. Zanen ya fita daga Kaura ƙarfe tara da minti biyar, kuma ba Zurmi ya nufa ba, arewa ya miƙe, hanyar Shinkafi. Goma saura minti takwas ya kai Kwalbatin Marke. Nan ɗigon ya tsaya cak. Na'urar ta rubuta tsawon tsayuwar: sakan arba'in da ɗaya. Daga nan ya zabura da gudun da Maccido bai taɓa yi ba a tarihin motar, ya yanke ta wata ɓarauniyar hanya ya faɗa Zurmi, ya lafe can awa biyar, ya dawo gida da la'asar.

Ta kira Faruk, mutumin Gusau da ya sa wa motocin na'urar. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Malam Faruk, wai abin nan yana gani ko babu sabis?"

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. "Ai ba da sabis take sanin inda take ba, da tauraron ɗan'adam ne. Sabis na aikowa ne kawai. In babu, sai ta adana a cikinta, ranar da motar ta shiga inda akwai, ta juye duka. Lafiya dai?"

Ta ce lafiya lau, ta kashe waya. Ta duba ta ga kwana tara bayan rasuwar Jamilu Maccido ya kai lodi Zariya, can na'urar ta samu sabis ta amayar da komai. Shekara uku maganar na nan ajiye, ba wanda ya leƙa, saboda kowa ya riga ya yarda babu komai a wurin.

Mardiyya ba ta yi kuka ba. Da a ce wucewa ya yi a guje, da ta ce tsoro ne, ƙila ma bai gane motar ba. Amma tsayawa ya yi. Lalle ya dubi Jamilu ido cikin ido, sun yi magana, sannan ya sa giya. Kuma bai tsaya nan ba, ya dawo ya ɗora wa gawa laifi, ya zauna yana cin tuwon uwar gawar. Wata ƙiyayya ta taso mata tun daga ciki har ta ji ɗacinta a harshe. Ba ta taɓa sanin tana iya tsanar mutum haka ba, kuma wallahi ba ta nemi tsari daga abin ba, riƙe shi ta yi da kyau.

Ran Juma'a ta ɗauki kwanon ta kai zaure kamar kullum. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ranar nan da Yaya ya rasu, ƙarhe nawa ka isa Zurmi?"

Lomar ta tsaya masa a hanya, amma ɗan kaɗan. "Haba ɗiyata, mi ya kawo wagga magana? Bari tada ciwon da ya fara warkewa. Allah shi jiƙan Jamilu, yaro ne na kirki, taurin kan ne kawai." Ya miƙo mata kwanon miya. "Ce wa Inna a ƙaro kaɗan."

Ta karɓa, ta ƙaro masa. Ita kaɗai ta san yadda aka yi miyar nan ba ta ƙare a fuskarsa ba.

Washegari ta nuna wa Hajiya Hindu zanen. Hajiya ta sa tabarau ta duba, ta cire, ta yi salati. "Na gani," in ji ta. "To mi kike so in yi? Mutum ya dafa Littahi gaban jama'a. In na kai wa Tsoho zanen waya, direbobi cewa za su yi mu munka ƙera shi, dama sun tsani abin. Bar wa Allah, ɗiyata."

"Shekara uku na bar mai, Hajiya. Shi ne ya nuna mani."

Hajiya ta ce ta dai ji abin da ta gaya mata. Mardiyya ta fito ta gane abu ɗaya: zane ba zai ka da rantsuwa ba. Bakin da ya ɓata sunan Jamilu, shi ne kawai zai iya wanke shi.

To akwai wani jan maɓalli a cikin wayar nan da ba a taɓawa. An yi shi ne don ranar da aka sace mota, in an danna sai saƙo ya tafi ta intanet ya kashe injin, ba mai tada shi sai an sake dannawa. Kuma ba ya aiki sai motar ta rage gudu sosai, don kar a jawo haɗari. Mardiyya ta daɗe tana kallon maɓallin. Gaskiya ɗaya ce, ta yi tunanin ta jira ranar da Maccido zai ratsa daji shi kaɗai ta kashe masa mota ta bar shi da masu dajin. Ta yi wannan tunani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har tana jin daɗinsa. Abin da ya hana ta ba tausayi ba ne. In ya mutu a haka, za a binne shi yana mutumin kirki, Jamilu kuma yana mai taurin kai har abada.

Sai ta zauna ta yi nazarinsa kamar mai shirin jarrabawa. Yanzu direbobi sun koma tafiya ayari guda duk Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, mota tara ko goma a jere. Alhamis shida tana bin ɗigon Maccido. Ta lura kullum tsakiyar ayari yake maƙalewa, ba ya gaba ba ya baya. Ta lura sabis na kamawa a Kwalbatin Marke tun da aka kafa ƙarfen sabis a ƙauyen da ke kusa. Ta kuma lura duk direbobi rarrafe suke yi a wurin ban da shi, shi ta kan ramukan yake bi a sukwane kamar ana binsa. Wannan ya ɓata mata shiri, don maɓallin ba zai kama shi ba. Ta yi haƙuri har damina ta sauka. Ruwa uku masu ƙarfi suka ƙara zaftare gefen kwalbatin, ranar Alhamis ta bakwai ta ga ɗigon Maccido ma ya durƙusa yana tafiya kamar na kowa. Ta rufe kwamfuta ta ce alhamdulillahi.

Alhamis ta takwas ta ce wa Inna za ta je Shinkafi gaida goggonta. Ta samu wuri a gaban motar Malam Tsoho, wanda kullum shi ke rufe ayari. Mota tara suka tashi, ta Maccido ce ta biyar, cike da gero, da mutane bakwai a kan buhuna. Gari ya yi luf, gero ya kai gwiwa a gonakin da aka iya nomawa, sauran kuwa ciyawa ta cinye su. Tun da aka wuce ƙauye na ƙarshe hira ta mutu a cikin motar. Malam Tsoho ya kashe rediyo yana jan carbi da hannu ɗaya.

Ta hango marken tun daga nesa. Ba ta taɓa zuwa wurin ba, a taswira kawai ta san shi, sai ga shi ashe itace ne kamar kowane itace, da baƙin tabo a gefen hanya inda har yanzu ciyawa ba ta fito sosai ba. Mota ta ɗaya ta gangara ta haye, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Shuɗiyar motar Maccido ta sa ƙafa a ramin. Mardiyya ta ciro wayar daga cikin hijabi, ta ce bismillahi, ta danna.

Kamar ba abin da zai faru. Sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu, daidai kan baƙin tabon.

Motocin baya suka ci birki. Na gaba huɗu da suka riga suka haye, da suka hango ta madubi, sai ga su suna dawowa da baya ɗaya bayan ɗaya. Cikin minti guda mota tara na tsaye a wurin da ba mai son ya tsaya ko don fitsari. Matan da ke kan kaya suka ɗauki salati. Direbobi suka diro da gudu, wannan da sifana, wannan da igiya, aka ɗaga kan motar, ana taɓa batir, ana busa bututun mai. Maccido na murza makulli yana sake murzawa, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, idanunsa na kan daji ba kan inji ba.

"Ku ja ni!" yake ihu. "A ɗaura igiya! Tsoho, don girman Allah kar ku bar ni nan, wurin ga ba shi da kyau!"

"Kai, natsu mana," in ji Malam Tsoho. "Wa ya ce za a bar ka? Yaushe anka taɓa barin wani a hanyar ga?"

"An taɓa, Baba Tsoho."

Duk suka juyo. Mardiyya ce tsaye a bakin kwalbati, waya a hannu. "Ku daina wahal da kanku, motar lahiyarta lau. Ni na kashe ta, kuma ba mai tada ta sai ni."

Malam Tsoho ya yo kanta kamar zai kai mata mari. "Ke! Kin haukace? Kin san inda muke kuwa? Tada ta yanzun nan!"

"Zan tada ta. Baba Maccido shi gaya muku abin da ya yi a nan wurin ranar Larabar da anka kashe Yaya Jamilu, in tada ta." Ta ɗaga wayar, ta karanto da ƙarfi yadda na kan kaya ma za su ji: lokacin da motar ta bar Kaura, lokacin da ta iso nan, sakan arba'in da ɗaya na tsayuwa, da ɓarauniyar hanyar Zurmi.

"Ƙarya ne!" in ji Maccido. "Ƙaryar 'yar tsegumi! Babu sabis lokacin, kowa ya sani, ba ta ganin komi! Tsoho, ka karɓe wayar ga hannunta!"

Wasu direbobin suka fara gunaguni, sun fi yarda da shi, har ɗaya ya miƙo hannu zai fizge wayar. A daidai nan wani ya ce, "Ku yi shiru!" Aka yi tsit. Can cikin daji, ta gabas, ana jin ƙugin babur yana matsowa.

Wurin ya hargitse. Mata suka sa kururuwa, maza suka fara tattaro yara daga kan buhuna, direbobi uku suka ruga suna sauko da fasinjojin Maccido don a raba su a sauran motoci. Shi kuwa gogan naku, direban motar, ko waiwayar mutanen da ya ɗauko bai yi ba. Ya ture wata mata mai goyo, ya ruga ya kama ƙofar motar Malam Tsoho yana kiciniyar shigewa, yana cewa a ja, a ja, a ja. Kowa ya gani da idonsa. Malam Tsoho ya damƙo wuyan rigarsa ya finciko shi ƙasa.

"Haka ka yi rannan?" Muryar tsohon ta yi sanyi ƙalau. "Maccido, haka ka yi?"

Maccido ya zube a gwiwa. Maganar ta riƙa fito masa a guntu-guntu, yana haki. "Na tsaya... wallahi na tsaya. Ya ce Baba, fambel ne ya tsinke, ba ni naka na ajiya. Sai na hango ƙurar babura can nesa. Na ce ba lokaci. Ya ce to Baba, in ba ka tsayawa, kwashi matan ga, ni in zauna da mota. Har ya fara sauko da tsohuwar..." Ya rufe fuska. "Na ja. Tsoro ne, Tsoho. Na ja."

"Ɗaukar mata huɗu minti nawa ne?" in ji Malam Tsoho.

Babur ɗin ya ɓullo daga cikin sabara. Wani manomi ne da matarsa a baya, da akuya ɗaure a tsakaninsu, ya dube su da mamaki ya yi sallama ya wuce. Ba wanda ya yi dariya. Mardiyya ta danna wayar, ta ce a murza. Injin ya tashi lafiya lau.

Malam Tsoho ya zare makullin daga motar ya miƙa wa Muhtari, wani direba da tasa motar ke gareji ya biyo ayari a fasinja. Ya dubi Maccido. "Ba mu barinka nan, mu ba mu barin mutum. Hau baya, bisa buhu, inda matan nan za su zauna da ka ɗauke su." Sannan ya juyo kan Mardiyya, idonsa jawur. "Ke kuma, rai sittin kinka tsayar bakin daji. Da babur ɗin ga nasu ne fa?"

Ta san tambayar za ta daɗe tana binta. Ta koma mota ta zauna, aka ci gaba da tafiya Shinkafi. Amma abin da ke yawo a kanta ba babur ba ne. Kwashi matan ga, ni in zauna da mota. Nan ne kukan da ta riƙe wata biyu ya ƙwace mata, Malam Tsoho bai ce mata ta yi shiru ba.

Da suka dawo Kaura da yamma, labari ya riga su isa. Hajiya Hindu ta karɓe wayarta da makullin ɗakin bayan sito, ta ce ba ta iya barin wannan maɓalli a hannun mai zuciya irin tata. Mardiyya ta miƙa ba musu. A tasha Malam Tsoho ya jiƙa tsumma ya goge sunan Maccido daga allon layi, ya ce ranar Asabar shi da kansa zai kai shi Kurya Madaro ya maimaita maganar gaban dangin matan nan, da gaban tsohuwa Zuhura da aka mayar mahaukaciya. A gida kuwa Inna ta saurari komai ba ta katse ta ba. Da Mardiyya ta gama, sai ta ce, "Cewa ya yi a kwashi matan?"

"Awo, Inna."

Inna ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari Juma'a ba a ɗora tukunyar tuwo ba. Da aka sauko daga masallaci aka yi sallama a zaure, Malam Tsoho ne ya rako Maccido neman gafara. Mardiyya ta leƙa ɗaki don ta gaya wa Inna, sai ta tarar da ita ta ciro atamfar da ta shekara uku a ƙasan akwati, ta ɗaura, ta sa kwalli, ta ɗauko sabulu biyu a leda. Ana taron suna a bayan layinsu, gidan da ta daina shiga.

Inna ta fito zaure. Maccido na durƙushe a inda ya saba zama cin tuwo, ya tsufa a kwana ɗaya. Ta tsaya a kansa.

"Mardiyya, nawa kinka ce?"

"Arba'in da ɗaya, Inna."

"Ƙirga mani."

Mardiyya ta fara, a hankali, da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. Maccido ya ɗago yana magana, yana haɗa ta da Allah da Annabi, yana tuna mata shi ya koya wa yaron sana'a, yana cewa shekara uku bai yi barcin kirki ba. Inna na kallonsa ido cikin ido. Ashirin. Ya fara kuka. Talatin. Ya miƙo hannu zai kama gefen zanenta, ta ɗan janye ƙafa. Mardiyya ba ta taɓa sanin sakan arba'in na da tsawo haka ba, ashe ya isa mutum ya faɗi duk abin da ke bakinsa, ya isa kuma a taimake shi in ana so.

"Arba'in da ɗaya."

Inna ta gyara mayafinta, ta gaida Malam Tsoho, ta raɓa ta gefen Maccido ta wuce. Yana kiranta har ta sha kwanar layi, ba ta waiwayo ba.